Zen da Zaman Horar da Hankali: Me Ake Nufi da Rayuwa a Cikin "Yanzu"?

A gidan ibadar Eiheiji na mabiya Zen, wani reshen addinin Buda, can cikin duwatsun lardin Fukui a ƙasar Japan, ƙarfe uku da rabi na dare ake tashi a lokacin zafi, in hunturu ya shigo a ƙara awa guda. Almajiri ɗaya ne ke bin lungu-lungu a guje yana kaɗa ƙararrawar hannu. Kowa ya naɗe shimfiɗarsa, ya wanke fuska, ya dawo kan tabarmar da ya kwana, ya hau wani ɗan dunƙulallen matashi, ya harɗe ƙafafu, ya juya ya fuskanci bango. Ba karatu, ba roƙo, ba magana. Haka za a zauna kusan minti arba'in sai an buga ƙararrawa. Tun shekarar 1244 da aka kafa wurin ake wannan zama, sunansa zazen.

Daga irin wannan ɗaki ne maganar nan ta "ka rayu a cikin yanzu" ta samo babban kaso na asalinta. Yau ta cika duniya. Tana cikin manhajojin waya irin su Calm da Headspace, tana cikin asibitocin Birtaniya da Amurka, tana bakin masu koyar da dabarun rage damuwa, waɗanda ke kiran abin mindfulness, wato halarto da hankali kan abin da mutum yake ciki. Sai dai daga bangon Eiheiji zuwa fuskar waya tafiya ce mai nisa, kuma an zubar da kaya da yawa a hanya. Akasarin masu jin maganar sun ɗauka hutu ake nufi: ka manta da jiya, ka watsar da gobe, ka ji daɗin ranka. A fahimtata wannan ya kusa zama kishiyar abin da mutanen Zen suka koyar. Nasu horo ne mai wuya, da jiki ake yin sa, kuma a bakin aiki ake gane wanda ya iya.

Zen reshe ne na addinin Buda, wanda ya faro a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) daga koyarwar Siddhartha Gautama. Shi reshen a ƙasar Sin ya tsiro, inda ake ce masa Chan. Mabiyansa na jingina shi ga wani malami, Bodhidharma, wanda suka ce ya shekara tara yana fuskantar bango a kusa da gidan ibadar Shaolin. Wannan ruwayarsu ce ta gado, masana tarihi ba su haɗiye ta duka ba. Abin da ya tabbata shi ne a zamanin daulolin Tang da Song hanyar ta yi ƙarfi a Sin, ta ƙetara zuwa Koriya da Biyetnam da Japan. Eisai ya koma Japan daga Sin a 1191 da koyarwar ɗariƙar Rinzai. Dogen, wanda ya rayu daga 1200 zuwa 1253, ya dawo a 1227 da ta Soto, shi ne kuma ya kafa Eiheiji. Ɗariƙar Soto kaɗai tana da gidajen ibada sama da 14,000 a Japan a yau.

Yadda ake zaman

Abin da zai fara ba mai koyo mamaki shi ne yadda kusan duk umarnin ya ƙare a kan jiki. Ana zama a kan bakin matashin na gaba ne, ba a tsakiyarsa ba, domin gwiwoyi biyu su taɓa ƙasa, su da mazaunai su zama ƙafafu uku da za su riƙe mutum. A miƙe ƙashin baya, a ɗan janyo haɓa ciki, kunnuwa su daidaita da kafaɗu, hanci ya daidaita da cibiya. Hannun hagu a kan na dama a bisa cinya, kan manyan yatsu biyu suna ɗan taɓa juna. Harshe a manne da ganɗa, baki a rufe, numfashi ta hanci. Ido kuwa ba a rufe shi. Ana barin sa rabi a buɗe, yana kallon ƙasa kaɗan a gaba, don kada barci ya ɗauke mutum, kada kuma ya faɗa mafarkin ido biyu. Manyan yatsun nan ma suna da aiki: in barci ya fara, sai su sulale, in mutum ya shiga kokawa da wani tunani, sai ya ga ya danne su da ƙarfi.

Sabon shiga akan ce masa ya ƙirga numfashi. Duk fitar numfashi lamba ɗaya, daga ɗaya zuwa goma, in ya kai ya sake daga farko. Jin haka sai ka ce wasan yara ne. Gwada ka gani. Kafin a kai huɗu an tuna da bashin da ba a biya ba, an tsara amsar da ya kamata a ba wanda ya yi baƙar magana shekaranjiya, an yi cefanen gobe. Can sai mutum ya farga yana kan goma sha bakwai, ko ma ya daina ƙirgen tuntuni bai sani ba. To abin da ake so ya yi a nan shi ne ya koma ɗaya, ba tare da ya tsawata wa kansa ba, ba tare da ya tsaya binciken inda ya je ba.

Nan ne mutane da yawa ke karaya, domin sun zo da zaton cewa ana so kai ya zama fanko, babu tunani ko ɗaya. Babu malamin Zen na ƙwarai da ya nemi haka. Ƙwaƙwalwa ba ta daina kawo tunani, kamar yadda kunne ba ya daina ji. Hankali kamar akuya ce da aka ɗaure a turke: za ta ja, ta yi kuka, ta kewaya, igiya ta dawo da ita, har ta gaji ta kwanta a gindin turken da kanta. Numfashi shi ne turken. Saboda haka kubcewar hankali ba faɗuwa ba ce. Lokacin da mutum ya farga ya kubce ya dawo, wannan dawowar ita ce horon, kuma a zama ɗaya za a iya yin ta sau ɗari.

Daga nan ɗariƙun biyu suka rabu. Mutanen Soto suna wuce ƙirge zuwa abin da suke kira shikantaza, zama kawai: ba a riƙe da komai, ba a neman komai, sauti ya zo ya wuce, ciwon gwiwa ya zo, tunani ya zo, ba a bin su ba a kuma korar su. Dogen ya tsananta a kan cewa zaman ba tsani ba ne da ake hawa don a isa wani matsayi, shi kansa zaman shi ne abin. Mutanen Rinzai kuma malami kan ba almajiri wata tambaya da dabarar tunani ba ta warware ta, koan, ya riƙa yawo da ita dare da rana, yana zuwa gaban malamin shi kaɗai yana kawo amsa ana mayar da shi. Wadda ta fi shahara ita ce ta Hakuin, malamin Japan da ya rasu a 1769, da ke tambayar sautin hannu ɗaya. Tsakanin zama da zama ana tashi a yi tafiya a hankali, a Soto rabin taku ga kowane numfashi. Akwai kuma mai kewayawa da wata faffaɗar sanda yana buga kafaɗar mai gyangyaɗi. A farkon watan Disamba, daga 1 zuwa 8, ana yin zaman mako guda kusan ba barci, don tunawa da wayewar da suka yi imani Buda ya samu.

Tsofaffin masu dafa abinci biyu

Duk wanda yake son ya gane abin da "yanzu" ke nufi a Zen, ya bar ɗakin zama ya leƙa madafa. Dogen da kansa ya rubuta, a cikin wasu umarni da ya tsara wa mai dafa abincin gidan ibada a 1237, cewa wasu tsofaffin masu girki biyu ne suka buɗe masa ido a Sin.

Na farko ya haɗu da shi ne a 1223, yana saurayi ɗan shekara 23, jirgin da ya kawo shi na tsaye a tashar ruwa. Wani dattijo mai shekara 61 ya hau jirgin yana neman naman kaza na Japan. Shi ne mai girkin gidan ibadar Ayuwang, ya yi doguwar tafiya a ƙafa, domin washegari akwai biki kuma yana so miyar taliyar almajirai ta yi daɗi. Dogen ya ba shi shayi, ya roƙe shi ya kwana su yi hira. Dattijon ya ce ba zai yiwu ba, in bai koma ba girkin gobe zai lalace. Dogen ya ce ai a babban gida kamar wannan ba a rasa wanda zai dafa ba. Kuma mutum mai shekarunka, me zai hana ka zauna ka yi zazen ka yi nazarin maganganun magabata, ka bar wahalar tukunya? Tsohon ya tuntsire da dariya, ya ce masa, kai baƙo, har yanzu ba ka san mene ne horo ba. Ya sayi abin da ya zo saye ya kama hanya.

Na biyun a gidan ibadar Tiantong ne. Bayan abincin rana, rana ta take, daɓe ya yi zafi, Dogen ya hango wani tsoho yana shanya naman kaza a gaban ɗakin Buda. Sandar gora a hannunsa, kansa ba malafa, zufa na zuba, bayansa ya tanƙware, girarsa ta yi fari fat. Dogen ya tambayi shekarunsa, ya ce 68. Me ya sa ba za ka sa yara su yi ba? Ya ce, wasu ai ba ni ba ne. To me ya sa sai cikin wannan rana? Ya ce, wane lokaci zan jira?

Wannan labari na biyu shi aka fi ɗauka ana yawo da shi, amma na farkon ya fi amfani ga mai son fahimta. Dubi abin da ya kawo dattijon tashar jirgi: girkin gobe. Ashe mutumin da ake buga misali da shi wajen halartar hankali, tanadin gobe ne ya fito yi. A cikin umarnin nan Dogen ya ce mai girki ya zauna da shugabannin gida tun yau a tsara abincin gobe, ya ƙirga bakunan da za su ci har da marasa lafiya da baƙi, ya tsince shinkafa da hannunsa ya raba ta da tsakuwa, kada ƙwaya ɗaya ta salwanta, kada ya raina ganye don ba shi da tsada. Babu inda aka ce a manta da gobe. Abin da aka ce shi ne in kana tsara gobe, ka tsara ta da dukkan hankalinka, in ka gama ka tashi. Bambancin yana tsakanin shiri da saƙe-saƙe. Mai shiri yana zama ya yi lissafi ya yanke shawara. Mai saƙe-saƙe yana juya magana ɗaya sau hamsin a zuciyarsa yana tuƙi, yana cin abinci, ɗansa na yi masa magana bai ji ba, kuma a ƙarshe babu abin da ya yanke.

Shi ya sa aikin hannu ya zama rabin rayuwar gidajen Zen. Ana jingina wa malamin Sin, Baizhang, wanda ya rasu a 814, ƙa'idar cewa ranar da ba a yi aiki ba, ba a cin abinci. Shara, goge katako, wanke bayi, noma, duk ana ɗaukar su daidai da zama a kan matashi. Akwai kuma sanannen labarin malam Zhaozhou, da sabon almajiri ya ce ya koya masa. Ya tambaye shi ko ya sha kununsa. Ya ce ya sha. Ya ce, to je ka wanke kwanonka.

Yadda ya isa asibiti da waya

Turawa sun fara jin Zen daga bakin ma'abotansa a 1893, lokacin da malam Soyen Shaku ya yi jawabi a taron addinan duniya a Chicago. Almajirinsa D.T. Suzuki ya shafe shekaru yana rubutu da Turanci. Amma masu koyar da zaman kansa daga baya suka zo: Shunryu Suzuki ya sauka San Francisco a 1959, Taisen Deshimaru ya isa Faris a 1967. Sai kuma Thich Nhat Hanh, ɗan Biyetnam, wanda kiran zaman lafiya a lokacin yaƙin ƙasarsa ya jawo masa gudun hijira na kusan shekara 40, har Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, ya ba da sunansa don lambar Nobel ta zaman lafiya a 1967. Ya kafa cibiyar Plum Village a Faransa a 1982, ya rasu a 2022 yana da shekara 95. Shi ya fi kowa sauƙaƙa wa talaka abin: wanke kwano, shan shayi, tafiya, kowanne da cikakken hankali.

Babban sauyin ya zo ne a 1979. Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar halittu da ya yi karatu a hannun malaman Zen da kuma na wani reshen Buda mai suna Theravada, ya buɗe wani asibitin rage damuwa a Jami'ar Massachusetts. Ya karɓi marasa lafiyar da likitoci suka rasa yadda za su yi da ciwonsu, ya tsara musu kwas na mako takwas, da aikin gida na kimanin minti 45 kullum. Da gangan ya cire sunan Buda da gunki da karatun ibada. A darasin farko ana ba kowa zabibi ƙwaya ɗaya, ya duba shi, ya shinshina, ya tauna a hankali. Daga wannan kwas ne wasu masana uku, Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale, suka fitar da wani na masu ciwon baƙin ciki mai dawowa, wanda hukumar da ke ba asibitocin Birtaniya shawara ta amince da shi a 2004 ga waɗanda ciwon ya kama sau uku ko fiye. Kamfanin Google ya fara koya wa ma'aikatansa a 2007. Daga nan sai kasuwa ta buɗe.

To yana aiki? Amsar gaskiya ita ce yana yi, amma bai kai yadda masu talla ke faɗa ba.

Matsalar da ake son magancewa dai ta tabbata. A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bi mutum 2,250 ta wayoyinsu, suna tambayarsu a lokuta daban-daban abin da suke yi, da abin da suke tunani, da yadda suke ji. Sun samu cewa a kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin, hankalin mutanen ba ya kan abin da suke yi, kuma in hankali ya tafi yawo farin cikinsu ya fi raguwa. Kusan rabin lokacin da mutum yake a farke ke nan.

Game da maganin kuwa, a 2014 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun tace gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515. Sun ga shaida matsakaiciya cewa horon yana rage fargaba da baƙin ciki da zafin ciwo, amma ba su ga ya fi magani ko motsa jiki ba. A 2015 wani gwaji a Birtaniya da mutum 424 ya kwatanta kwas ɗin masu ciwon baƙin cikin da ci gaba da shan maganin baƙin ciki: ciwon ya dawo wa kashi 44 na masu kwas, da kashi 47 na masu magani, kusan kunnen doki. A 2022 wani gwaji a Amurka da mutum 276 ya nuna kwas ɗin mako takwas ya yi daidai da maganin escitalopram wajen rage ciwon fargaba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a wannan shekarar aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a makarantun Birtaniya sama da 80, da yara sama da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14, aka ga darasin bai ƙara wa lafiyar ƙwaƙwalwarsu komai ba a kan abin da aka saba koya musu. Yawancin yaran ba su riƙa yin horon a gida ba. Wanda ya zo da ƙafarsa yana nema daban, wanda aka tilasta wa a aji daban. Kuma a lura, sakamakon da ya yi kyau na kwas ne mai malami da aikin gida mai nauyi, ba na minti biyar a waya kafin barci ba.

Akwai kuma ɓangaren da masu talla ba sa so a taɓa. Zaman shiru mai tsawo yana iya tayar wa wasu da abin da ya kwanta. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2017 kan mutum 60 da suka gamu da wahala a wannan hanya: firgici, rashin barci, dawowar tsohon tashin hankali, jin kamar mutum ya rabu da jikinsa, wasu har na tsawon watanni ko shekaru. Su mutanen Zen sun daɗe da sanin haka. Hakuin ya ba da labarin yadda tsananta wa kai ya jefa shi cikin abin da ya kira ciwon Zen, ƙirji na zafi, ƙafafu sun yi sanyi, kunne na ƙara, tsoro ba dalili. Gidan ibada yana da malamin da zai lura ya ce wa almajiri ya sassauta. Manhaja ba ta ganin fuskarka. Wanda ya taɓa shiga mummunan tashin hankali, ko yake fama da taɓin ƙwaƙwalwa, bai kamata ya shiga dogon zama shi kaɗai ba, kuma kada kowa ya ajiye maganin da likita ya ba shi saboda ya fara ƙirga numfashi.

Abin da aka bari a hanya

Ni abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. A koyarwar Buda, halartar hankali ɗaya ce daga cikin rukunai takwas, kuma tana zuwa ne bayan gyara magana, gyara aiki, da gyara hanyar neman abinci. Mai shiga Soto yana ɗaukar alkawura goma sha shida, cikinsu har da barin kisa, sata, ƙarya da maye. Da aka kwaso horon zuwa ofisoshi, waɗannan aka fara saukewa. Sai ya zama kamfani na iya ninka wa ma'aikaci aiki, in ya gaji a tura shi ya yi numfashi, maimakon a rage masa kaya. Damuwar da albashi ya haifar sai a mayar da ita laifin hankalin ma'aikaci. Rundunar sojan Amurka ma ta gwada horon a kan dakarunta.

Kuma ba sai an je Amurka ba. Tarihin Zen da kansa ya nuna cewa hankali mai kaifi ba ya hana ɓarna. A shekarun da Japan ta mamaye Koriya da Sin har zuwa yaƙin duniya na biyu, manyan malaman Zen da dama sun goyi bayan sojoji, sun yi amfani da koyarwar rashin ɗaukar kai da muhimmanci wajen ƙarfafa matasa su kashe, su mutu saboda sarkin Japan. Waɗannan mutane ne da suka shafe shekaru da dama a kan matashi. Ɗariƙar Soto ta fitar da sanarwar nadama a farkon shekarun 1990. Brian Victoria, Ba'amurke kuma limamin Soto, ya tona lamarin dalla-dalla a wani littafi a 1997, sannan a 2001 Myoshin-ji, reshe mafi girma na Rinzai, shi ma ya nemi afuwa. Duk wanda ya ce maka zama kaɗai zai mai da mutum nagari, ka tuna masa da wannan.

Saura tambayar da na san tana ran mai karatu: wannan ba addinin wasu ba ne? Zen addini ne, kuma ɓoye hakan rashin adalci ne ga mai tambaya da su masu addinin. A gidajensa akwai gumakan Buda, ana rusuna musu har goshi ya taɓa ƙasa, ana ƙona turare, ana rera nassosi. Yawancin limaman Zen a Japan ma jana'iza da addu'ar mamata ne babban aikinsu, ba koyar da zama ba. Koyarwar ba ta ginu a kan Mahalicci ba, ta ginu ne a kan cewa komai mai gushewa ne, kuma babu wani tabbataccen "ni" a cikin mutum. Wannan ya saɓa wa aƙidar Musulmi da ta Kirista a fili. Fadar Paparoma ta fitar da wasiƙa a 1989 tana jan kunnen Katolika kan cakuɗa addu'arsu da hanyoyin gabas, ta kuma ambaci Zen da suna, ko da yake ba ta haramta amfani da dabarun natsar da jiki ba.

Amma kubcewar hankali ba ta da addini, neman dawo da shi ma haka. Duk mai salla ya san yadda ake kabbara a tsinci kai a kasuwa, a rasa raka'a ta nawa ake. Farkon Suratul Mu'minun ya yabi masu khushu'i a sallarsu, hadisin Jibrilu ya fassara ihsani da ka bauta wa Allah kamar kana ganin sa, malamai irin su Imam Gazali sun yi dogon bayani a kan halartar zuciya, kuma masu ɗariƙa a ƙasar Hausa sun san muraƙaba da halwa tun kafin wani ya ji sunan Zen. Sai dai ba daidai ba ne a ce duk abu ɗaya ne. Musulmi yana tattara hankalinsa ne yana fuskantar Ubangijinsa. Mai zazen ba ya fuskantar kowa. Kwas ɗin asibiti kuma wani abu ne na uku, an cire masa ibada, an bar lura da numfashi da jiki. Ko a nan ma ba duka ake tacewa daidai ba, wasu manhajojin da cibiyoyin suna shigo da karatun ibadar Buda ko na Hindu a tsakiyar darasi ba tare da sun faɗa ba. Wanda likita ya ba shawarar irin wannan kwas yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa abin da ke cikin darussan mako takwas ɗin tun kafin ya sa hannu, ya kai wa malaminsa ya duba.